Wa Ke Riƙe da Mabuɗin Murya? Tarihin Rikicin Mazuban Sauti da Makomar Kaset ɗin Boɗinga da Shagari

Ranar 24 ga Yuli, 2024, kamfanin Tidal, ɗaya daga cikin masu sayar da sauraron waƙa ta intanet, ya kwashe wani nau'in fayil mai suna MQA daga rumbunsa, ya mayar da FLAC a gurbinsa. Ba irin labarin da zai tsayar da hira a tashar motar Boɗinga ba ne. Waɗanda suka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa mayun sauti ne na Turai da Amurka da Japan, mutanen da ke iya kashe kuɗin mota a kan lasifika biyu. Sun shafe kusan shekara goma suna musu a kan wanda ya fi tsakanin mazubin sautin da kamfani ɗaya ya mallaka ya kulle, da wanda aka buɗe wa kowa.

Sai dai musun ya fi shafar mai adakar kaset a Shagari fiye da yadda ya shafi attajirin Landan. Attajirin, in mazubi ya mutu, zai sayi waƙarsa a wani sabon mazubin, domin uwar faifan tana ajiye a rumbun kamfani. Shi kuwa wanda ya gaji kaset ɗin wani makaɗin noma, ko na karatun wani malamin ƙauyensu, sau da yawa abin da ke hannunsa shi kaɗai ne ya rage a duniya. Mazubin da ya zaɓa ya juye shi a ciki shi zai yanke hukuncin ko jikokinsa za su ji muryar.

Yadda murya ke komawa lamba

Sauti girgizar iska ce. Na'urar ɗaukar sauti ta zamani tana auna ƙarfin wannan girgiza sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, ta rubuta kowane awo a matsayin lamba. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana yin awo 44,100 a daƙiƙa, kowane awo kuma yana da faɗin bit 16. Ba a banza aka zaɓi adadin ba. Kunnen matashi mai lafiya ba ya jin abin da ya wuce girgiza 20,000 a daƙiƙa, lissafi kuma ya nuna cewa awon da ya ɗara ninki biyu na wannan ya isa a mayar da sautin yadda yake. Duk abin da ya haura ma'aunin CD, kamar awo 96,000 ko 192,000 mai bit 24, shi ake kira sauti mai zurfin inganci.

Matsalar ita ce nauyi. Minti ɗaya na sautin CD yana cin kusan megabait 10, awa ɗaya kuma ta haura 600. Saboda haka aka ƙirƙiro dabarun matse fayil, kuma sun kasu gida biyu. Akwai matsi marar asara, wanda in an warware shi lambobin za su dawo daidai yadda suke, ba ragi. FLAC na wannan gida ne, yakan rage nauyin fayil da kusan rabi. Akwai kuma matsi mai asara, irin na MP3, wanda yake zubar da sassan sautin da aka ƙiyasta kunne ba zai lura da rashinsu ba, har fayil ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Abin da aka zubar ya tafi ke nan.

Bayan tambayar asara akwai ta biyu, wadda ake yawan cakuɗa ta da ta farko: wa ya mallaki bayanin yadda ake karanta fayil ɗin? Buɗaɗɗen mazubi shi ne wanda aka wallafa dukkan ƙa'idojinsa, kowane mai ilimin manhaja zai iya ƙera abin karanta shi ba tare da neman izini ko biyan kuɗi ba. Kullalle kuwa sirrinsa na hannun kamfani, sai da lasisi. Mazubi na iya zama buɗaɗɗe kuma mai asara, kamar Opus da WhatsApp ke amfani da shi wajen saƙon murya. Yana kuma iya zama kullalle marar asara, kamar yadda ALAC na Apple ya kasance kafin kamfanin ya buɗe shi a 2011.

Zamanin kaset

Ƙasar Sakkwato ta daɗe da cin gajiyar buɗaɗɗen mazubi tun kafin a san sunan abin. Manyan makaɗan yankin, irin su Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, da Aliyu Ɗandawo, da Musa Ɗanƙwairo, da Ɗan Anace mai waƙar Shago, sun shiga na'ura ta hannun gidajen rediyo da kamfanonin faifai. Gidan rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, ya ɗauki waƙoƙin makaɗan Arewa masu yawa a kan tef mai zare, daga baya gidajen jihohi irin su Rima Rediyo suka bi sahu. To amma tef mai zare kayan ma'aikata ne, faifan garmaho kuma ba a iya juyarsa a gida. Talaka sai ya jira lokacin shiri.

Kaset ne ya sauya wannan. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya nuna shi a Balin a 1963, ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens. Da wasu kamfanoni, musamman Sony, suka matsa masa lamba, sai Philips ya yarda kowa ya ƙera kaset da rikoda bisa ƙa'idarsa ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, muddin ya kiyaye ma'auni. Sakamakon haka kaset ɗin da aka ɗauka da rikodar National yana juyawa a cikin ta Sanyo ko ta Sharp. Farashi ya faɗi, rikoda ta shiga kayan tsarabar alhazai da na 'yan cirani.

A garuruwan da ke kan hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal da Jega, kamar sauran garuruwan Arewa, rikoda ta zama marubucin da ba ya buƙatar alƙalami. Ana kama waƙa daga rediyo, ana ajiye rikoda gaban mai tafsiri, ana ɗaukar kiɗan biki da na dambe da na gayya. Makaɗan da kamfanin faifai bai taɓa jin sunansu ba suka samu shiga tarihi ta wannan ƙofa. Kowane juyi daga kaset zuwa kaset yana ƙara shuuu yana rage kaifin murya, kuma masani Brian Larkin ya yi bayanin wannan dusashewa a littafinsa na 2008 kan kasuwar kaset da bidiyo ta Kano. Duk da haka abin ya yaɗu, domin ba wanda ya riƙe mabuɗinsa.

Waɗanda aka ƙera domin su gaji kaset ba su yi irin wannan sa'a ba. A 1992 Philips ya fito da DCC, Sony kuma ya fito da MiniDisc mai amfani da nasa matsin na kansa, ATRAC. DCC bai wuce 1996 ba. MiniDisc ya daɗe a hannun 'yan jarida da masu bincike, amma Sony ya daina ƙera na'urarsa a 2013, ya kuma daina ƙera faifan da ake ɗauka a kai a 2025. Duk wanda ya ɗauki hira da wani dattijo a kan MiniDisc, yau sai ya nemi tsohuwar na'ura mai rai kafin ya ji ta.

MP3, memori da wata waƙa da aka ɗauka a Sakkwato

MP3 ya fito ne daga binciken cibiyar Fraunhofer ta Jamus, inda Karlheinz Brandenburg da abokan aikinsa suka yi shekaru suna nazarin abin da kunne ke ji da abin da yake tsallakewa. An amince da ƙa'idarsa a 1993, ya samu sunan da aka san shi da shi a 1995. Matsayinsa tsaka-tsaki ne: an wallafa ƙa'idar, amma akwai haƙƙin ƙirƙira a kanta. A 1998 cibiyar ta fara aika wa masu ƙera manhaja takardun neman kuɗin lasisi. Wannan ne ya tunzura wasu masu manhaja, ƙarƙashin Chris Montgomery na gidauniyar Xiph, suka soma ƙera Vorbis a matsayin madadin kyauta. Sai a watan Afrilun 2017 aka rufe shirin lasisin MP3, bayan wa'adin haƙƙoƙin ya ƙare.

Mai saye a ƙauye bai taɓa ganin wannan lasisi ba, domin yana cikin kuɗin waya. Bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, da kwararowar wayoyin Sin masu ramin memori da Bluetooth, sai sabuwar sana'a ta kafu: matashi da kwamfuta a rumfa, ana ba shi memori da ɗan abin da ya sauƙaƙa, ya cika ta da waƙoƙi da wa'azi da fina-finai. Masu turi suka gaji masu kaset. Da yawa daga cikin tsofaffin waƙoƙin da ke yawo a wayoyi yau ta hannunsu suka tsallako, daga kaset zuwa kwamfuta, a matse gwargwadon yadda memori za ta ɗauki ɗaruruwa.

Akwai misali sananne da ya taso daga wannan jiha. A 2008 wani matashin Buzu mai kaɗa jita daga Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar, da irin gyaran muryar da aka saba ji a waƙoƙin fina-finan Hausa. Ba kamfanin da ya fitar da shi a lokacin. Waƙoƙin suka bi waya zuwa waya har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tattara waƙoƙi daga memorin mutane a Kidal. A 2011 ya fitar da wasu daga ciki a kan faifan garmaho ƙarƙashin kamfaninsa Sahel Sounds, ya kuma bi diddigin mawaƙan domin ya biya su. Daga nan sunan Mdou Moctar ya kai manyan dandalin duniya. Fayil ɗin da mayun sauti suka fi rainawa shi ya ɗauke shi ya tsallake Sahara da shi, saboda kowace waya tana iya karanta shi.

Faɗan manya

A daidai lokacin da MP3 ke mamaye duniya, manyan kamfanoni suna can suna neman abin da zai gaji CD ta ɓangaren inganci. A 1999 Sony da Philips suka fitar da SACD, wata ƙungiyar kamfanoni kuma ta fitar da DVD-Audio a shekarar da ta biyo. Kowanne yana buƙatar na'urarsa, kowanne yana da makullin hana juyi. Masu saye suka ƙi zaɓar ɓangare, suka koma ga iPod da ya fito a 2001. DVD-Audio ya shuɗe, SACD ya rage a hannun tsirarun masoya.

Shagunan sayar da waƙa ta intanet na farko su ma sun zo da nasu makullin, inda fayil ba ya buɗewa sai ya nemi izini daga na'urar kamfani. A 2008 Yahoo da Microsoft kowanne ya sanar da shirin kashe na'urorin ba da izinin tsohon shagonsa. Mutanen da suka biya kuɗinsu suka gane cewa abin da suka ɗauka saye ne ashe haya ce, kuma mai gida na shirin rushe gidan.

FLAC ya taso daga wani gefe dabam. Wani mai manhaja, Josh Coalson, ya soma shi a 2000, ya fitar da cikakken siga ta farko a 2001, ya kuma shigar da shi ƙarƙashin Xiph a 2003. Ba lasisi, ba makulli. Manyan kamfanoni sun daɗe suna kau da kai daga gare shi, amma Android ya karɓe shi a 2011, Windows a 2015, wayoyin Apple a 2017. A watan Disambar 2024 hukumar da ke tsara ƙa'idojin intanet ta wallafa cikakkiyar ƙa'idarsa a hukumance. Ma'ana, wayar Tecno ko Infinix da ke aljihun ɗalibi a Boɗinga tana karanta shi ba tare da an ƙara mata komai ba.

Ana cikin haka sai MQA ya bayyana a Landan a watan Disambar 2014. Wanda ya ƙirƙiro shi, Bob Stuart na kamfanin Meridian, injiniya ne da ake girmamawa, kuma kamfaninsa ne ya samar da matsin da DVD-Audio ya yi amfani da shi. Alkawarin MQA mai jan hankali ne. Za a naɗe sauti mai zurfin inganci a cikin fayil ƙarami, kamar yadda ake ninke takarda. Kowace na'ura za ta iya kunna shi, amma sai mai lasisi ce za ta warware ninkin gaba ɗaya, ta kuma kunna wata 'yar fitila mai shaida cewa wannan shi ne sautin da aka amince da shi a situdiyo. Warner da Universal da Sony suka sa hannu, Tidal ya soma yaɗa shi a farkon 2017.

Masu suka suka taso ta fuska biyu. Ta fuskar kasuwanci, kamfanin Linn na Sikotilan ya yi gargaɗi a 2017 cewa tsarin zai kafa shingen karɓar kuɗi a kowane mataki, daga situdiyo zuwa na'urar mai sauraro. Ta fuskar fasaha, masu awo suka nuna cewa ninkin ba marar asara ba ne, domin ana ɓoye bayanan saman ne a cikin ƙananan bit na sautin asali. A farkon 2021 mawaƙi Neil Young ya janye waƙoƙinsa daga Tidal, yana cewa abin da ake kira kwafin asali ba shi ne abin da ya miƙa ba. A watan Afrilun shekarar wani mai sharhin na'urori a YouTube, GoldenSound, ya tura fayilolin gwaji aka matse su da MQA, ya kwatanta da na asali, ya nuna an samu sauyi da ƙarin hayaniya. Kamfanin ya mayar da martani cewa siginar gwaji ba kiɗa ba ce, kuma ba dominta aka ƙera tsarin ba. Wannan amsa ta fito da ainihin matsalar fili: tun da an kulle na'urar matsin, ba wanda zai iya tabbatar da maganar kamfani ko ƙaryata ta kai-tsaye.

Kasuwa ce ta raba gardamar. Intanet ta ƙara sauri, dalilin ninkewa ya ragu. Apple ya soma ba da sauti marar asara ba ƙarin kuɗi a 2021. A watan Afrilun 2023 kamfanin MQA ya faɗa hannun masu kula da kamfanonin da suka durƙushe, a watan Satumba kamfanin Lenbrook na Kanada ya sayi kadarorinsa. A shekarar da ta biyo Tidal ya juya masa baya.

Shin kunne yana jin bambancin?

A nan mayun sauti na ɓangarorin biyu ba su cika son jin amsar ba. A 2007 Brad Meyer da David Moran suka wallafa gwajin da suka yi wa masu sauraro fiye da sau 500, ba tare da sun san abin da ake kunna musu ba, tsakanin sauti mai zurfin inganci da wanda aka mayar ma'aunin CD. Amsoshin daidai sun tsaya a kusan rabi, wato daidai da canki-canka. A 2016 Joshua Reiss na wata jami'ar Landan ya tattara gwaje-gwaje 18, ya samu cewa akwai ɗan bambanci da ake iya ganewa, kimanin kashi 52 cikin 100, kuma yana ƙaruwa ga waɗanda aka horar. Bambancin yana nan, amma siriri ne ƙwarai.

Inda bambanci yake da kauri shi ne can ƙasa, wurin da waƙoƙin Hausa suke zaune. Matsi mai asara ya fi wahala da sauti mai faɗowa farat ɗaya, irin dukan kotso ko taushi ko kalangu, domin yakan shafa ɗan hayaniya gaban dukan, kaifinsa ya dushe. Tsohon kaset kuma yana da shuuu, manhajar matsi ba ta bambanta shi da murya, sai ta ɓarnatar da ɗan wurin da take da shi wajen adana hayaniyar. Sannan fayil ba ya tsayawa a matsi ɗaya. An juye kaset zuwa MP3, wani ya liƙa masa hoto ya ɗora a Facebook aka sake matsewa, wani ya sauko da shi ya mayar MP3, wani ya kunna a lasifika ya ɗauka da saƙon murya. Kowane zagaye da abin da yake ci.

Abin da ake asara ya wuce daɗin kunne. Makaɗan fada na ƙasar Sakkwato suna waƙa da Sakkwatanci mai zurfi, cike da sunayen kakanni da garuruwa da kalmomin da matasa ba sa amfani da su yanzu, ga 'yan amshi suna karɓa a kan muryar jagora. Baƙaƙe irin su s da sh da ts da f suna zaune ne a saman sauti, inda matsi ya fi yanka. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, waɗanda suka rubuta matanin waƙoƙin baka cikin littattafai, aikinsu ya rataya ne a kan jin kowace gaɓa. In kwafin da ya rage dusasshe ne, kalmar da aka ji ba daidai ba ita za ta shiga littafi, ɗalibi kuma ya hardace ta haka.

Takarda da tef

Yankin Boɗinga yana da tsohon darasi a kan adana magana. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau, na wasu shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga kusa da shi. Littattafan da malaman wancan zamani suka rubuta ana karanta su har yau, bayan shekara ɗari biyu. Takardar daga waje take zuwa, mafi shahara ita ce ta Italiya mai alamar jinjirin wata uku, wadda fatake ke ratso Sahara da ita. Amma mai sayar da takarda ba shi da iko a kan haruffa. Duk wanda ya koyi baƙi da wasali zai karanta, zai kuma kwafa. Masu kwafa suna da al'adar muƙabala, wato karanta sabon kwafi a gefen na asali domin kama kuskure. FLAC yana da kwatankwacin haka: a cikin kowane fayil akwai hatimin lissafi na sautin asali, wanda manhaja ke dubawa ta faɗi ko lamba ɗaya ta sauya.

Shagari kuma tana da misalin da ya haɗa zamunna biyu. Alhaji Shehu Shagari ya rubuta Waƙar Nijeriya yana malamin makaranta, an buga ta, kuma duk mai kwafin littafin zai buɗe ya karanta ba tare da wuta ko batir ba. Jawaban da ya yi yana shugaban ƙasa, daga 1 ga Oktoba, 1979 zuwa 31 ga Disamba, 1983, an ɗauke su ne a kan tef na sauti da na bidiyo irin na wancan zamani, waɗanda aka daina ƙera na'urorinsu. Abin da ya fi sabunta shi ya fi kusa da ɓata. In haka lamarin yake ga muryar shugaban ƙasa, ina ga ta makaɗin ƙauyen da bai taɓa shiga situdiyo ba?

Lokaci kuma ba ya jira. A 2019 UNESCO da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, suka yi shelar gargaɗi cewa na'urorin karanta tef da kayan gyaransu suna ƙarewa, suka ƙiyasta cewa daga wajajen 2025 juye tef zai yi wuya ƙwarai. Shi kansa tef ɗin zafi da laima da ƙura suna cin sa, a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40. Memori ma ba ma'adana ba ce, in ta daɗe a ajiye cikin zafi takan zubar da abin da ke cikinta.

Abin da ma'adanai suka tsayar

Masu adana sauti na duniya ba su jira ƙarshen musun mayun sauti ba. Ƙa'idar IASA ita ce a juye tef sau ɗaya, da na'ura mai kyau, zuwa fayil ɗin WAV marar matsi, mai bit 24, da awo 48,000 a ƙalla, 96,000 in da hali. Microsoft da IBM ne suka ƙirƙiro WAV a 1991, amma ƙa'idarsa a buɗe take, kowace kwamfuta tana karanta ta. Dalilin zurfin ingancin ba don kunne zai ji ƙarin ba ne. Domin a bar wa masu gyara na gaba sarari ne, su cire shuuu da dabarun da ba a ƙirƙiro ba tukuna. Awa guda a wannan ma'auni tana cin kusan gigabait 2, don haka rumbun kwamfuta mai terabait ɗaya zai ɗauki kaset mai minti 90 fiye da 300. In an mayar da su FLAC zai ɗauki fiye da haka, ba tare da an rasa komai ba.

Daga wannan uwar fayil ake cire MP3 na rabawa, a ba masu turi, a ɗora a intanet. Ita uwar ba a taɓa ta, kuma ana ajiye kwafinta a wurare biyu ko uku da ba ƙarƙashin rufi ɗaya ba. Mai son aika ta ta WhatsApp sai ya tura ta a matsayin takarda, ta haka ba a sake matse ta. Shi ma kaset ɗin ba a jefar da shi bayan juyi. A rubuta sunan makaɗi da garinsu, da wanda aka yi wa waƙar, da shekarar in an tuna, da wanda ya riƙe rikodar, tun masu sanin suna raye.

Buɗewar mazubi ba ta soke haƙƙin mai waƙa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, don haka magadan Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da na Shata, wanda ya rasu a 1999, suna da ta cewa a kan duk wanda zai yi kasuwanci da muryoyin iyayensu. Tsaftataccen kwafi mai cikakken bayani shi ne ma hujjar da za su riƙe ranar da wani kamfani ya zo nema.

Akwai wuraren da suka dace da karɓar irin wannan amana kusa da gida, kamar Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da sashen nazarin Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kafin a kai ga nan, matakin farko yana hannun mai adaka da matashin da ke rumfar turi. Idan aka kawo masa kaset daga Sifawa ko Shagari, manhajar da ke kwamfutarsa za ta tambaye shi mazubin da zai ajiye sautin a ciki, kuma WAV da FLAC suna cikin jerin, kusa da MP3 ɗin da ya saba latsawa.